Wendelin Wiedeking: Injiniyan da ya ceto Porsche, bashi ya raba shi da kujerarsa

Ranar Alhamis 23 ga watan Yuli na shekarar 2009, ana tsuga ruwan sama, dubban ma'aikata suka yi cincirindo a farfajiyar kamfanin ƙera motoci na Porsche da ke unguwar Zuffenhausen a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, domin yin ban kwana da shugabansu, Dakta Wendelin Wiedeking. Mutumin da suka taru dominsa ya karɓi ragamar kamfanin ne a lokacin da ake jiran jin labarin durƙushewarsa, ya kuma mayar da shi kamfanin da ya fi kowane kamfanin mota a duniya cin riba a kan kowace mota guda. Amma a wannan rana da yake tafiya, ya bar wa kamfanin bashin da ya kai kimanin Yuro biliyan 10.

Mun san da wuya a ga Porsche a tashar Jibiya ko ta Ɗan Isa, kuma ko a cikin jerin motocin Kwatano da suka saba wucewa ta Gaya da Ƙonni da Maraɗi, sai a daɗe ba a ga ɗaya ba. Motocinmu su ne Toyota da Peugeot da Golf da tsofaffin Marsandi. To amma mun kawo labarin wannan bawan Allah ne saboda abubuwan da suka ɗaga shi da waɗanda suka kada shi duk abubuwa ne da ɗan kasuwar kan iyaka yake kwana yana tashi da su: canjin kuɗi, kayan da suka kwanta a sito, bashi, da kuma matsayin yaron gida a tsakanin masu dukiya.

Wane ne Wiedeking?

An haife shi ranar 28 ga watan Agusta na 1952 a garin Ahlen da ke yammacin Jamus, ya tashi a garin Beckum. Ya karanci fannin injiniya na ƙere-ƙeren injuna a jami'ar fasaha ta Aachen, inda ya sami digirin digirgir a 1983. A cikin wannan shekarar ya kama aiki da Porsche a matsayin mataimaki ga daraktan sashen ƙira da haɗa motoci. Ke nan shi ba mai zanen mota ba ne, ba kuma direban tsere ba ne. Aikinsa shi ne sanin yadda ƙarfe ke shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan yana mota, da kuma nawa aka kashe a tsakani.

A 1988 ya bar Porsche ya koma kamfanin Glyco da ke Wiesbaden, wanda ke ƙera metal ɗin injin mota, kuma bai daɗe ba ya zama shugaban kamfanin. A can ne ya ga masana'antar mota daga ɓangaren masu kai wa manyan kamfanoni kaya. A 1991 aka sake kiransa Porsche aka ba shi sashen haɗa motoci, a 1992 aka ɗora shi a kan gaba, sannan a 1993 aka tabbatar da shi shugaban kamfanin, yana da shekara 40 da 'yan kai.

Gidan da ya shiga gida ne mai tarihi. Ferdinand Porsche ne ya buɗe ofishin zanen motoci a Stuttgart a 1931, kuma shi ne ya tsara motar nan Volkswagen mai ƙusumbi, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975. Ɗansa Ferry ne ya fara ƙera mota mai ɗauke da sunan gidan a 1948, daga baya aka fito da ƙirar 911 wadda har yau ita ce tambarin kamfanin. 'Yarsa Louise kuwa ta auri wani lauya mai suna Piëch, sai zuri'ar ta rabu reshe biyu, gidan Porsche da gidan Piëch. Saboda yawan saɓani, a farkon shekarun 1970 suka yanke shawarar cewa 'yan gida su janye daga tafiyar da kamfanin, a riƙa ɗauko ƙwararru daga waje, su kuma su riƙe mallaka. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Dala ta faɗi, kasuwa ta tsaya

A tsakiyar shekarun 1980 Porsche na sayar da motoci sama da 50,000 a shekara, kuma fiye da rabinsu Amurka ake kai su. A lokacin dala na da ƙarfi sosai, har ta haura Mak uku na kuɗin Jamus a farkon 1985, don haka duk motar da aka sayar a Amurka, idan aka canzo kuɗin sai riba ta yi tsalle. Ribar canji ta rufe duk wata ɓarna da ake yi a cikin masana'anta. A cikin 1985 ɗin sai dala ta fara gangarowa, kafin ƙarshen 1987 ta rasa kusan rabin darajarta a gaban Mak. Kamfanin ya ƙara farashi don ya cike giɓi, masu saye suka ja da baya. Cinikin Amurka da ya kai kimanin mota 30,000 a 1986 ya dawo ƙasa da 4,000 a 1993. A duniya baki ɗaya kuwa bai fi mota 14,000 da 'yan ɗoriya ba, ga kuma asarar da ta haura Mak miliyan 200 a shekara guda.

Duk wanda ya ga watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi a dare ɗaya, ko wanda ya taɓa saro kaya da Sefa ya sayar da Naira a shekarar da Naira ke zamewa, ya san irin wannan ciwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Halin da Porsche ta shiga ya kai ga tana haɗa wa wasu kamfanoni motocinsu don ma'aikata su sami abin yi, kamar Marsandi ƙirar 500E da Audi ƙirar RS2.

Zarto a cikin sito

Abin da Wiedeking ya fara yi shi ne abin da girman kai kan hana mutane da yawa. Ya kwashi manajojinsa ya kai su Japan, suka zagaya masana'antun can, suka ƙidaya awannin da ake ɗauka kafin a haɗa mota, suka gwada da nasu, suka ga an yi musu nisa. Daga nan ya gayyato wasu tsofaffin injiniyoyin Toyota da suka kafa kamfanin ba da shawara mai suna Shingijutsu, ya ce su zo Stuttgart su faɗi gaskiya komai ɗacinta. Ga Bajamushen maƙeri da ke ganin babu wanda ya kai shi iya aiki, a ce baƙo daga Japan ne zai koya masa sana'arsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da Japanawan suka shiga zauren haɗa injuna, abin da suka tarar shi ne dogayen kantoci da suka fi tsayin mutum, shaƙe da sassan injin da za su isa aikin kusan wata guda. Ma'aikaci kan bar aikinsa ya hau tsani yana lalube. A ganinsu wannan wuri sito ne, ba masana'anta ba. Sai aka miƙa wa Wiedeking zarto mai aiki da lantarki, ya sa kayan aiki irin na leburori, ya bi kantocin nan yana datse su a gaban ma'aikata, har tsayinsu ya dawo kusan rabi, yadda kowa zai iya hango kowa. Kayan da ake ajiyewa suka ragu daga na kwana 28 zuwa na kwana bakwai, daga baya ma aka ƙara rage su, ana kawo kowane sashe daidai lokacin da ake bukatarsa.

Hikimar da ke ciki ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane ta. Kayan da ke kwance kuɗi ne ke barci. Ana biyan hayar wurin da suke, suna tsatsa, wasu su ɓace, kuma idan da aibi a jikinsu ba za a gano ba sai bayan makonni, lokacin da aka riga aka sayi irinsu da yawa. Cikar sito kan sa mai shi ya ji shi attajiri ne, alhali kuwa jarinsa ne ya daina juyawa.

Bai tsaya a kan kantoci ba. Ya rage matakan shugabanci daga shida zuwa huɗu, ya sallami manajoji da dama, ya rage ma'aikata, ya kuma rage yawan kamfanonin da ke kawo kaya daga sama da 900 zuwa kimanin 300. Awannin haɗa ƙirar 911 suka sauko daga kimanin 120 zuwa 70 da ɗan wani abu. A watan Yulin 1994 aka sami motar farko da ta sauko daga layin haɗawa ba ta bukatar gyaran komai, abin da a da ba a saba gani ba, domin al'adar gidan ita ce a haɗa mota tukuna, sannan ƙwararru su bi ta suna gyara kurakurai.

Akwai kuma abin da ya yi wanda ya sa masu kamfanin suka yarda da shi. Lokacin da ake neman ƙarin jari kuma bankuna na ɗari-ɗari, ya tsaya da dukiyarsa ta ƙashin kansa a matsayin jingina. A madadin haka aka rubuta masa a yarjejeniyar aiki cewa zai riƙa samun kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ribar kamfanin. A ranar da aka sa hannu babu wata ribar da za a raba, shi ya sa ba wanda ya ga abin a matsayin mai yawa.

Kaya kaɗan, masu tafiya

A 1995 ya dakatar da ƙirar 928 da 968, waɗanda ba sa kawo kuɗi. A 1996 aka fito da Boxster, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen sama wadda farashinta bai kai na 911 ba, shekara guda bayan haka kuma aka fito da sabuwar 911. Dabarar ita ce motocin biyu suna tarayya a sassa masu yawa, musamman daga gaba, don haka kuɗin ƙira ɗaya ya haifar da haja biyu. Da oda ta yi yawa, maimakon ya ci bashi ya gina sabuwar masana'anta, sai ya ba kamfanin Valmet na ƙasar Finland kwangilar haɗa wani kaso na Boxster, ta yadda idan kasuwa ta ja baya ba shi ne zai kwana da ginin da babu aiki a ciki ba.

A 2002 ya yi abin da masoya Porsche na asali suka ɗauka saɓo ne: ya fito da babbar jif mai ƙofa huɗu, Cayenne. An tsara ta ne tare da Volkswagen, wadda ita ma ta fitar da tata mai suna Touareg a kan ƙashi ɗaya. A lokacin ana yin gangar jikin a masana'antar Volkswagen da ke Bratislava, a kammala haɗawa a sabuwar masana'antar Porsche da ke Leipzig. Gwamnati na ba da tallafi ga masu kafa masana'antu a gabashin Jamus, amma Wiedeking ya ƙi karɓa, yana mai cewa motar alfarma da tallafin gwamnati ba sa tafiya tare. Cayenne ta yi kasuwa fiye da yadda aka zata. Zuwa shekarar kuɗi ta 2007 zuwa 2008, cinikin Porsche ya kusa mota 100,000, kuma darajar kamfanin da ba ta wuce kimanin Yuro miliyan 300 ba lokacin da ya karɓe shi ta kai kimanin biliyan 25.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba abin da za mu ce sai sambarka.

Haɗiyar taɓarya

A watan Satumba na 2005 Porsche ta ba da sanarwar cewa za ta sayi kimanin kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin Volkswagen. Dalilin da aka bayar mai ma'ana ne: Volkswagen ce babbar abokiyar aikinta, kuma ana fargabar wasu baƙin masu jari su saye ta su wargaza. Amma sayen bai tsaya nan ba. A 2007 ya haura kashi 30, kuma a hankali ta bayyana cewa ƙaramin kamfani mai mota 100,000 yana shirin haɗiye wanda ke ƙera sama da miliyan shida a shekara, wanda kuma ya ninka shi kusan sau 15 a yawan ciniki.

Wiedeking da daraktan kuɗinsa, Holger Härter, sun yi amfani da wata hanya mai kama da kafin alƙalami. Sukan ƙulla yarjejeniya da bankuna a kan wani farashi na hannun jarin Volkswagen. Idan farashi ya hau, banki ya biya su bambancin. Su kuma bankunan, don kada su yi asara, sai su saye hannun jarin su ajiye. A wancan lokaci dokar Jamus ba ta tilasta a bayyana irin wannan yarjejeniya ba, don haka kasuwa ba ta san yawan hajar da aka riga aka kame ba. Yayin da farashi ke hawa, riba ta riƙa taruwa a littafi. A shekarar kuɗi ta 2007 zuwa 2008 kamfanin ya bayyana ribar kimanin Yuro biliyan 8.6, alhali duka cinikin motocinsa bai wuce biliyan 7.5 ba. Riba ta fi ciniki yawa, domin kusan biliyan 6.8 daga cikinta ba daga mota ta fito ba. Kashi ɗayan nan na Wiedeking ya zama sama da Yuro miliyan 70 a shekara guda, abin da ya tayar da ƙura a Jamus.

Ranar Lahadi 26 ga watan Oktoba na 2008 Porsche ta bayyana cewa tana riƙe da kashi 42.6 na hannun jari, da kuma yarjejeniyoyi a kan wani kashi 31.5, jimilla kashi 74.1 ke nan. Jihar Lower Saxony na da kimanin kashi 20 da ba na sayarwa ba ne. Abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi shida ba. Matsalar ita ce akwai 'yan kasuwar da suka ari hannun jarin da ya ninka wannan yawa, suka sayar, suna jiran farashi ya faɗi su saya da araha su mayar. Kamar mutum ne ya ari buhun gero ɗari ya sayar da fatan kaka za ta karya farashi, sai ya wayi gari ya ji mutum ɗaya ya kame duk geron garin, ga kuma mai aro a bakin ƙofa. Farashin da ya kwana a kan kimanin Yuro 210 ranar Juma'a ya haura Yuro 1,000 ranar Talata, har Volkswagen ta zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Masu aron nan suka tafka asarar biliyoyi.

A ido, Wiedeking ya yi nasara. A watan Janairun 2009 hannun jarin Porsche a Volkswagen ya haura kashi 50. To amma lissafin duka ya dogara ne a kan abu biyu. Na farko, a kai kashi 75, wanda a dokar kamfanoni ta Jamus yakan ba da ikon sa hannu a asusun kamfanin da aka saya, ta yadda za a biya bashin sayen Volkswagen da kuɗin Volkswagen. Sai dai Volkswagen na da dokarta ta musamman da ke bukatar fiye da kashi 80, kuma duk da hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a kanta a 2007, gwamnatin Jamus ta sabunta dokar a 2008 ta bar wa jihar Lower Saxony ikon hana ruwa gudu. Na biyu, bankuna su ci gaba da sabunta bashi. Amma bankin Lehman Brothers na Amurka ya riga ya durƙushe a watan Satumbar 2008, kowane banki ya ƙulle jakarsa, cinikin motocin alfarma kuma ya faɗi.

A watan Maris na 2009 da ƙyar aka sabunta bashin Yuro biliyan 10, har ta kai Porsche ta karɓi rancen miliyan 700 daga Volkswagen ɗin da take ƙoƙarin haɗiyewa. Ta nemi rancen biliyan 1.75 daga bankin gwamnati na KfW, aka hana ta, mutane kuma ba su manta da maganar motar alfarma da tallafi ba. Hannun jarin da ta tara ba ya sayuwa, domin da zarar ta fara sayarwa farashi zai rushe a kanta. Mutumin da ya yi suna da datse kantoci don kada jari ya kwanta, sai ga shi ya cika sito mafi girma a tarihin kamfanin da haja iri ɗaya tak, kuma da kuɗin mutane. Hausawa sun ce kowa ya haɗiyi taɓarya, ya kwana tsaye.

Yaron gida da 'ya'yan gida

A nan ne batun zuri'a ya dawo. Shugaban majalisar sa ido ta Volkswagen a lokacin shi ne Ferdinand Piëch, ɗan Louise, wanda shi ma injiniya ne, kuma yana cikin masu Porsche. Ɗan kawunsa Wolfgang Porsche, ɗan Ferry, shi ne ke goyon bayan Wiedeking. A watan Mayun 2009, a wajen wani bikin nuna mota a tsibirin Sardiniya, Piëch ya yi wa 'yan jarida maganganun da suka nuna cewa kwanakin Wiedeking ƙidayayyu ne. Da tura ta kai bango, 'yan'uwan suka zauna suka sasanta a tsakaninsu, wanda aka sallama kuwa shi ne ɗan aiki. An ba shi kuɗin sallama Yuro miliyan 50, ya sanya rabi a gidauniyar taimakon jama'a.

Ƙasar Katar ta shigo da jari, ta sami kashi 17 na Volkswagen. A watan Disamba na 2009 Volkswagen ta sayi kashi 49.9 na kamfanin motocin Porsche a kan Yuro biliyan 3.9, ta kuma saye ragowar a watan Agusta na 2012. Wanda ya zo haɗiya shi aka haɗiye. Sai dai wani abin mamaki shi ne, hannun jarin da Wiedeking ya tara ya ci gaba da zama a hannun kamfanin zuri'ar, wato Porsche SE, don haka gidajen Porsche da Piëch suka wayi gari da rinjayen ƙuri'a a Volkswagen baki ɗayanta. Shi kuwa ya fuskanci shari'a bisa zargin yaudarar kasuwa, kotun Stuttgart ta wanke shi tare da Härter a watan Maris na 2016. Bayan barinsa Porsche ya sa jari a wasu harkoki, ciki har da gidajen abincin Italiya masu suna Tialini da ya buɗe a 2013.

Abin da ya shafe mu

Lissafin Wiedeking bai rushe don bai iya ƙidaya ba. Ya rushe ne saboda ya rataya a kan abubuwan da ba a hannunsa suke ba, wato alƙalamin gwamnati da haƙurin masu ba da bashi. Mu da ke kasuwanci a kan iyaka mun ga irin wannan da idonmu. A watan Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agustan 2019 kuma ta rufe iyakokin har zuwa Disambar 2020. Wanda rufewar ta same shi da kayan da ya saya da kuɗinsa ya sha wuya, amma ya jira. Wanda ta same shi da tireloli cike da kayan bashi, mai bashi bai jira shi ba.

Don haka kafin ɗayanmu ya ce zai kame hajar kasuwa gaba ɗaya don ya yi farashi, ya kamata ya tambayi kansa: idan hanya ta toshe wata shida, wa zai fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma da me zan sallame shi? Ribar da aka rubuta a littafi ba ta biyan dillali, ba ta biyan kuɗin mota. Wanda kuma yake juya dukiyar maigidansa, komai yawan shekarun da ya yi da kuma yawan ribar da ya kawo, ya rubuta yarjejeniyarsa tun ana dariya, kamar yadda Wiedeking ya yi, domin ranar da 'ya'yan gida za su zauna su sasanta ba lalle ne a kira shi ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.